Auta ya rabar da tantabarunsa

Assalamu alaikum Anti. Ni malamar firamare ce a wani ƙauye a Jigawa, ina da aure da 'ya'ya uku. A kan autanmu nake rubuto miki, shekararsa 20. Tun yana ƙarami a cikin mata yake, ya fi mu iya tuƙa tuwo, tafiyarsa da maganarsa duk irin tamu. Aka ce zai bari in ya girma, bai bari ba. Yaran gari suna kiransa ɗan daudu. Baba ya doke shi har ya gaji, an kai shi ruƙiyya sau biyu. Yanzu Baba ya ce bayan kaka za a ɗaura masa aure da 'yar Baffanmu, wai aure zai gyara shi. Da na je gida da sallah, Auta ya ja ni ɗaki yana kuka ya ce, "Yaya, ni a raina mace ce, tun da na yi wayo haka nake jin kaina. Na yi azumi, na yi addu'a, abin bai tafi ba." Ya nuna min a waya cewa a ƙasashen waje ana ba irinsu maganin homon, mai sa jikin namiji ya soma ɗaukar siffar mace, kuma wai wanda bai samu ba kashe kansa yake yi. Ya roƙe ni kuɗi zai saya a wani kemis a Kano. Ban ba shi ba. Makon jiya Inna ta kira ni ta ce ya rabar da tantabarunsa duka ga yaran maƙwabta, ba ya cin abinci, kuma ya ce mata ta yafe masa. Anti, in ba shi kuɗin? In gaya wa Baba? Ina tsoron in taimake shi in yi saɓo, ina tsoron in ƙyale shi in rasa shi.

Yayar Auta, daga Jigawa

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Na ajiye sauran wasiƙu na ɗauko taki saboda tantabarun nan. Duk wadda ta taɓa zama gida ɗaya da mai kiwon tantabara ta san halinsu: yaro zai haƙura da ƙosai ya sayo musu dawa, ya san kowacce da kamanninta, in ɗaya ba ta dawo da magariba ba tuwo ba zai shiga bakinsa ba. A ce mutum irin wannan ya rabar da su duka, ya durƙusa gaban uwarsa yana neman yafiya alhali bai yi mata laifi ba, ga aure an sa masa lokaci, ga shi da bakinsa ya riga ya ambata miki mutuwa. Ba zan ɓoye miki ba, haka masu sallama suke yi. Ki nemi izinin maigidanki da na hedimasta ki tafi gida yau, in dare ya yi miki to gobe da sassafe. Kada ki jira albashi, kada ki jira ranar kasuwa don mota ta samu. Ko a babur ne ki hau.

Kin ɗauro kaya biyu a gammo ɗaya, shi ya sa wuyanki ke ciwo: mene ne Auta, da yadda za a yi ya kwana da rai. Na farkon zai iya cin shekaru, malamai da likitoci ma suna ta kai da kawo a kansa. Na biyun aikin wannan makon ne, kuma ba sai kin warware na farko za ki kama shi ba.

In kin isa, ki nemi inda babu kunne, ko bayan rumbu ko hanyar gona, ki zauna kusa da shi ki tambaye shi kai tsaye: "Auta, kana tunanin kashe kanka?" Da waɗannan kalmomin, ban da habaici. Na san bakinki zai yi nauyi, domin an raine mu a kan cewa ambaton sharri kiransa ne. Likitocin ƙwaƙwalwa sun daɗe suna bincikar wannan, kuma sun ga tambayar ba ta sa wa mutum tunanin da ba shi da shi. Wanda yake da shi kuwa, sau da yawa ajiyar zuciya yake yi don an samu mai ji. In ya ce eh, kada ki ɗora hannu a ka. Ki tambaye shi ko ya tanadi wani abu, kuma ina ya ajiye. Ki bar shi ya yi magana ko da abin da zai faɗa zai yi miki ɗaci. Kada ki soma da wa'azin wuta. Yaron da ya yi azumi da tsayuwar dare yana roƙon Allah ya cire masa abu ba jahilcin hukunci ke damunsa ba. Abin da yake so ya ji daga bakinki gajere ne: kai ƙanena ne, ina son ka da rai, ba inda za ni. In ya ce ki rantse ba za ki gaya wa kowa ba, ki raba masa abin biyu. Sirrin da ya ba ki da sallah amana ce, za ki riƙe. Shirin mutuwa kuwa ba a riƙe shi, za ki gaya wa Inna da likita, kuma ki faɗa masa haka a gabansa.

Kafin ki kwanta a daren, ke da Inna ku zagaya gidan. Yanzu damina ce, kowane gidan manomi akwai maganin feshi a jarka a bayan ƙofa, akwai fiya-fiya a kan taga, akwai maganin ɓera da wanda ake sa wa wake a buhu. Ku kwashe duka ku kai gidan wani amintacce mai kwado a ƙofa, har da tarin ƙwayoyin asibiti da Inna ke ajiyewa a kwalla. Kada ki raina wannan aikin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 20 cikin 100 na masu kashe kansu a duniya da maganin ƙwari na gona ne, yawanci a karkara irin tamu. A Siri Lanka, da gwamnati ta hana shigo da mafi guba daga cikinsu, yawan masu kashe kansu ya ragu da kusan kashi 70 cikin 100 tsakanin 1995 da 2015. Ba matsalolin mutane ne suka ƙare ba. Abin shi ne ƙuncin da ke ingiza mutum yakan taso kamar hadari ya wuce cikin mintuna ko awanni, in hannunsa bai kai ga komai ba a lokacin sai gari ya waye yana nan. Ki kuma karɓi lambar mai mota ko mai babur ɗaya a garin da zai ɗaga waya ko ƙarfe biyun dare. In, Allah ya kiyaye, ya sha wani abu, kada a ɗura masa manja ko nono, kada a sa shi amai. A ɗauke shi da kwalbar zuwa asibiti mafi kusa nan take, akwai allurar da ke karya wasu daga cikin gubobin nan in an kai da wuri.

Kada ya kwana shi kaɗai a shagon samari. Abin da na fi so shi ne ki taho da shi gidanki na 'yan makonni. Maigidanki yana da haƙƙin ya san dalili, kuma gaskiyar da za ki ba shi ta isa: Auta ba shi da lafiya, damuwa ta kama shi har yana ambaton mutuwa, kina so ki kai shi asibiti. Ke kika san mijinki. In mai tsokana ne ko mai sakin baki a majalisa, to ki duba wata gwaggo ko kaka da Auta ke sakewa da ita.

Sai asibiti, a cikin makon nan. Ƙin abinci, janyewa daga mutane, rabuwa da abin da yake so, waɗannan alamomin ciwon damuwa ne, kuma ciwo ne mai magani. A Jigawa akwai asibitin ƙwaƙwalwa a Kazaure, akwai asibitin tarayya na Birnin Kudu da na Rasheed Shekoni a Dutse. In Kano ta fi miki kusa, ga Dawanau, ga sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Na san da an ce Dawanau mutanenmu sai su hango mai yawo da tsumma, alhali yawancin masu zama a bencin nan mutane ne masu sana'a da iyali da barci ya gagare su. Ki gaya wa likita maganar mutuwar tun a jumlar farko. Ɗaya maganar kuwa ki bar wa Auta, ya auna likitan tukuna, in ya natsu da shi ya faɗa da bakinsa. In an rubuta magani, ke ki riƙe shi ki riƙa ba shi na rana ɗaya-ɗaya. Yakan ɗauki mako 2 zuwa 4, wani lokaci fiye, kafin a ga aikinsa, kuma a makonnin farko ne matasa suka fi buƙatar ido a kansu.

To, kuɗin kemis. Amsata ita ce kada ki bayar, amma ki san dalili, domin Auta ya yi karatu a waya kuma "a'a" kawai ba za ta ishe shi ba.

Abin da ya karanta yana da tushe. Akwai mutane a kowace ƙasa da jinsin da suke ji a ransu ya saɓa da na jikinsu, waɗanda kafofin labarai ke kira masu sauya jinsi. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire wannan hali daga jerin cututtukan taɓin hankali, wato ba hauka ba ne. Haɗarin da suke ciki kuma gaskiya ne. A wani bincike da aka yi a Amurka a 2015 a kan mutum sama da 27,000 irinsu, kashi 40 cikin 100 sun ce sun taɓa yunƙurin kashe kansu, alhali a sauran jama'ar ƙasar abin bai kai kashi 5 ba. Kulawar da ake ba su a can hawa-hawa ce: zama da masanin halayyar ɗan'adam, canza suna da sutura, sannan homon a hannun likita da gwajin jini akai-akai, wasu har tiyata. Bincike da dama ya nuna manya da suka bi wannan hanya sun ce ƙuncinsu ya ragu, kuma manyan ƙungiyoyin likitoci a Amurka suna goyon bayanta.

Amma "ko magani ko kabari" da aka rubuta masa ya zarce abin da aka tabbatar. A Ingila, Dakta Hilary Cass ta shugabanci bita ta kusan shekara 4 a kan yara da matasa, kuma a rahotonta na 2024 ta ce hujjojin da ake da su masu rauni ne, ba su kai a ce magungunan suna rage kashe kai ba. Suwidin da Finlan ma sun taƙaita ba wa 'yan ƙasa da shekara 18. A Amstadam ta ƙasar Holan, inda aka daɗe ana wannan aiki, an bi bayanan mutum sama da 8,000 daga 1972 zuwa 2017. Waɗanda suka mutu ta hanyar kashe kai ba su kai 1 cikin 100 ba. Adadin ya fi na sauran jama'a, kuma an samu mutuwar kafin magani, ana cikin magani, da bayan an gama. Ki isar wa Auta da abu biyun da ke cikin wannan: mafi yawan masu irin halinsa suna rayuwa har su tsufa, kuma ƙwaya ita kaɗai ba ta kore haɗarin ba ko a inda asibiti ya wadata.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a duk binciken nan ba a kemis ake sayar da shi ba. A lardin Ontariyo na Kanada, a wani bincike da aka fitar da rahotonsa a 2012, an tambayi matasa irinsa masu shekara 16 zuwa 24. A cikin waɗanda iyayensu ba su tsaya musu ba, kashi 57 cikin 100 sun yi yunƙurin kashe kansu a shekarar da ta gabata. A cikin waɗanda iyayensu suka tsaya musu sosai, kashi 4 ne. Matasan ba su da yawa, don haka ba na ɗaukar lambar kamar awon tiya, amma bincike a wurare da dama ya nuna hanya ɗaya: kora da duka da wulaƙanci suna tura su bakin rami, mutum ɗaya a gida da bai juya baya ba yana janyo su. Wannan maganin yana hannunki.

Abin da zai samu a kan kanta kuwa, sau da yawa ƙwayar tsarin iyali ce, kuma irin sinadarin da ke cikin yawancinta likitocin wannan fanni sun daina amfani da shi saboda yana sa jini ya daskare a jijiya, ya toshe huhu ko ya shanye ɓarin jiki. Homon yana iya taɓa haihuwa, kuma nono in ya fito ba ya komawa. Ki hango shi a ƙauyenku da jikin da ya soma canzawa, ana wanka a rafi, ana cire riga a gona. Ga dokar tarayya ta 2014 da ta haramta auren jinsi ɗaya, ga dokokin shari'a na jihohinmu tun 2000, ga Hisba, ga mutanen gari da suka fi kowace kotu saurin yanke hukunci, kuma ba za su tsaya bambance mai shigar mata da wani abu daban ba. Ki ce masa: ba yanzu ba, ba ta wannan hanyar ba. Baligi ne, in ya samu lafiya ya tsaya da ƙafarsa, maganar jikinsa zai yi ta da likita da idonsa a buɗe. Ki kuma ja kunnensa a kan waya. Akwai masu shiga Facebook da sunan abota su karɓi hoto da sirri, sannan su dawo da barazanar tonawa in ba a turo kuɗi ba. Ki tambaye shi ko wani ya riga ya soma yi masa haka, domin irin wannan kan sa yaro ya ga ƙofa ta rufe cikin dare ɗaya.

Kin lura ina cewa "shi". Harshenmu ba ya barin mutum ya tsaya a tsakiya, ko kai ko ke. Na bi yadda kika rubuto, kuma a gaban jama'a hakan ya fi masa aminci. Amma kun yi sa'ar suna, Auta na mace ne na namiji ne. In wata rana ya roƙe ki ki kira shi da wani abu tsakaninku kuma zuciyarki ba ta ɗauka ba, ki faɗa masa da taushi, ki riƙe Auta.

Tsoron saɓon da kike yi na girmama shi. Ni ba malama ba ce, amma ga abin da yake sananne. Malaman fiƙihu ba yau suka fara ganin irin wannan ba. Imam Nawawi ya raba mukhannas, wato namiji mai ɗabi'un mata, gida biyu: wanda aka halicce shi da ɗabi'un mata ba da yin kansa ba, ya ce wannan ba zargi a kansa ba zunubi, da wanda ya ƙirƙira da gangan. Sun kuma yi dogon bayani a kan mata-maza har a babin gado, ko da yake wannan halittar jiki ce, kuma yana da kyau likita ya duba Auta ta wannan fuskar ma. Maganar canza jiki kuwa, yawancin malamanmu sun hana sai ga mata-maza, haka majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, ƙungiyar Musulmi ta duniya, ta yanke a Makka a 1989. Ban ɓoye miki wannan ba, shi ma kada ki ɓoye masa. Amma ba malamin da ya ce a bar ɗan'uwa ya mutu. Ciyar da shi, kwana kusa da shi, kai shi asibiti, duk suna ƙarƙashin aya ta 32 ta Suratul Ma'ida, wadda ta ce wanda ya raya rai ɗaya kamar ya raya mutane ne gaba ɗaya. Addu'a ku yi ta yi, ku yi tare. Ruƙiyyar da ake haɗawa da bulala da hayaƙi kuwa a dakatar. A binciken nan na Amurka, waɗanda aka taɓa matsa wa don a juya su sun ninka sauran wajen yunƙurin kashe kai.

Baba ba maƙiyin ɗansa ba ne. Mutum ne da ke shiga masallaci yana jin ana ƙus-ƙus a bayansa, ya gwada abin da ya sani, sanda da malam, yanzu ya ɗauko na ƙarshe a jakarsa. Kada ki kai masa kalaman da Auta ya faɗa miki da sallah, ba zai iya ɗauka yanzu ba, kuma abin zai faɗo a kan yaron. Ki kai masa abin da uba zai ji: ɗanka ba ya ci, yana neman yafiya, muna tsoron kada mu wayi gari babu shi. Kada ki je ke kaɗai, 'ya ba ta tsayar da auren da uba ya sa. Ki nemi wanda Baba ke jin nauyinsa, kawunku ko limamin da kika san yana da sanyin hali, a roƙi abu biyu kawai: a ajiye duka, a ɗage auren har yaro ya warke. Ɗagewa ta fi fasawa sauƙin haɗiya, kuma ba wanda zai zargi uba don ya ce ɗansa na jinya. Ki kuma tuna masa da 'yar Baffa, wadda ba wanda ya ambaci ra'ayinta a duk labarin nan. Yarinya ce da za a kai ɗakin wanda bai nema ba, ta zauna tana zargin kanta, in abin ya watse kuma zumuncin Baba da ɗan'uwansa ne zai tsage. In Baba ya kafe, to zaman Auta a wajenki ya zarce kaka. Mai hannun girki irin nasa ba zai rasa abin yi ba, ko ya koyi ɗinki, ya samu kuɗin kansa da dalilin tashi da safe.

Inna ta kira ki ne don ta gane, ko da ba ta da sunan abin. Ku raba kwanan tsaro tsakaninku, domin ke ma kina da aji da 'ya'ya uku, kuma wadda ba ta yi barci ba ba ta iya gadi. In ya soma ci yana dariya kada ku saki jiki da wuri. Natsuwar da ta zo farat ɗaya bayan dogon ƙunci ita ma abar tambaya ce, ki sake yi masa tambayar nan ko da kin yi ta jiya.

Kafin ku baro garin, ki bi gidajen maƙwabtan nan ki roƙi yaran su dawo miki da tantabara biyu, mace da namiji. Ki sa su a kwando ku hau mota da su. Ki ce masa ke ba ki iya kiwonsu ba, shi zai riƙa ba su ruwa da safe. In kun ga likita ki rubuto min abin da ya ce.